Ƙasa da Ɗaya

Wuta ta ɗauke tun magariba.
Na jingina tocila da kwalba,
na shimfiɗa Tawa a kan takarda,
na kasa ta kashi huɗu
yadda ake kasa tumatir a bakin kasuwa.

Ga waɗanda taifot bai taɓa ba tukuna,
ga na kwance, jiki kamar garwashi,
ga waɗanda suka tashi.
Kashi na huɗu ke hana ni barci:
garau suke, suna ciniki, suna raha,
ƙwayar na zaune a maɗaciyarsu
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.

Tsakaninsu na ja kibiyoyi,
kowace da harafinta.
Wannan ƙudan mahauta ne.
Wannan jarkar Alkasum garuwa
da aka ɗauraye da ruwan jiya.
Wannan ruwan Agusta,
mai cika masai ya gangara tabki,
yara su bi shi da alkafura.

Malaminmu a Yamai ya ce
lamba guda ke riƙe da linzami:
mai ciwo ɗaya, mutum nawa zai shafa wa?
In ta haura ɗaya, gobara.
In ta yi ƙasa da ɗaya,
wutar ta ci kanta ta mutu.
Na buga ta Tawa, wadda ita ce tawa:
biyu da ɗigo bakwai.

Sahabi shekararsa goma sha ɗaya.
Mun ce masassarar damina ce,
mun ce shawara,
mun sayi ƙwayoyi a tire, ja da rawaya.
Sai da ciki ya ɗaure kamar ganga
muka nemi mota.
Majo Barira ta ce hanji ya huje.

Akwai wata ƴar kibiya a takardata
da ke fita daga akwati
ba ta shiga ko'ina.
Littafi ya ba ta harafi.
Ni in na zo kanta
takalminsa nake gani a bakin ƙofa,
ƙafa ɗaya a kife.

To, a koma aiki.
Na kori rabin ƙudan, ta ɗan rusuna.
Na ɗiga jabel a kowace randa: biyu.
Na yi wa ƴan lakwal allura: ɗaya da rabi.
Na raba sabulu gida-gida,
a takarda ai sabulu ba ya ƙarewa,
famfo ba ya yin shiru kwana uku.
Ɗaya da ɗigo ɗaya.
Nan ta toge
kamar jaki a bakin kwazazzabo.
Na duba, na sake dubawa:
ba ta sauka sai an taɓa kashi na huɗu.

Assalatu.
Ina jin Inna Habsu a tsakar gida
tana tace zoɓo,
tana ƙulla shi leda-leda
don ƙofar lakwal ɗin Garkawa.
Da wannan zoɓon na sayi alƙalamin nan.
Ta sha ba mu labarin zazzaɓin
da ya kwantar da ita wata guda
shekarar da ta yaye ni,
ta tashi ba allura, ba likita,
Allah ya yi da sauran kwana.

Lissafi ba ya nuna yatsa.
Ya ce akwai, bai ce wane ba.
Na riƙe wannan da hannu biyu.

Na fito da buta da guntun sabulu.
Ta dube ni:
ke da bokonki, ruwa ma sai an ƙirga shi?
Na ce miƙo hannu, Inna.
Na zuba, ta cuɗa,
kumfa na bin tsagar tafinta.

Na ce Litinin za mu wurin Majo Barira,
a gwada ni, ki raka ni.
Ta ce me ke damunki?
Na ce in mun je, ke ma a duba.

Ba ta amsa ba.
Ta yarfe hannu,
ta daɗe tana kallonsa.